Tukur-Tukur: Unguwa Ma Tana Son Yaɓe

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa a Zariya ya san bazara lokacin aiki ne. Da zarar hunturu ya ja jiki, iska ta juya, zafi ya fara dukan mutum tun da hantsi, sai ka ga maigida yana zagaya gidansa yana ɗaga kai. Ya dubi rufin soro inda damina ta bara ta zaizaye, ya dubi gindin katanga inda ruwa ya ci, ya leƙa indararo ko tsuntsu ya yi sheƙa ya toshe shi. Ba a kwana da yawa sai a fara sauke jar ƙasa a ƙofar gida. A zuba mata ruwa, a watsa ramno, yara su shiga da ƙafa su tattake, a bar ta ta kwana ta yi danƙo, sannan magini ya hau. Wannan shi ne yaɓe. Ba ya ƙara wa gida ɗaki, ba ya ƙara masa tsawo, baƙo ma ba lalle ya lura an yi wani abu ba. Aikinsa kawai ya mayar wa bango abin da ruwan bara ya kwashe, don ya iya tsayawa gaban ruwan bana. Zariya na samun ruwan sama kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Satumba, kuma duk saukar da ya yi sai ya tafi da rabonsa na ƙasa. Gidan da aka tsallake wa yaɓe shekara guda zai jure. Wanda aka tsallake wa uku ko huɗu, a watan Agusta ake jin labarinsa.

Tukur-Tukur ce ta sa na ɗauko wannan zance, da irin hirar da ake yi a kanta a majalisu. Kowa ka zauna da shi cikin waɗanda suka haura arba'in, kukansa ɗaya ne: unguwa ta canza, an cika, ba a san juna, baƙi sun yi yawa, yaran yanzu ba sa gaisuwa. Akwai gaskiya a ciki. Amma ni a ganina zaman unguwa ginin ƙasa ne, kullum rayuwa na zaizayarsa. Wannan ya yi aure ya tashi, wancan ya sami aiki a Kaduna, an yi rabon gado an sayar da rabin gida, an yi cacar baki kan magudanar ruwa, siyasa ta shiga tsakanin aminai. Kakanninmu ma sun sha wannan zaizaya. Abin da suka fi mu shi ne suna da lokutan yaɓe, kuma ɗaya daga ciki, ga samari da ƙananan magidanta, shi ne fitar nan da abokai kan yi zuwa bayan gari a bazara, ba fatauci ba biki, a tafi tare a dawo tare.

Kafin a ɗora wa baƙi laifi, a tuna wace irin unguwa ce wannan. A bakin ganuwa take, sunanta ɗaya da na ɗaya daga ƙofofin Zazzau, 'yar uwar Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, ga kuma dutsen da ke amsa sunan. Bakin ƙofa kuwa tun asali masaukin baƙo ne. A nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 ƙarƙashin Dokta Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam yana edita, ta sami gida na kanta. Imam ɗin ma a Kagara aka haife shi, a Katsina ya yi karatu ya koyar, aiki ne ya kawo shi Zariya. A 1948 aka fara buga jaridar Nigerian Citizen a nan. A 1949 kwalejin da ta faro a Katsina ta biyo ta Kaduna ta sauka a maƙwabtaka, ita ce Barewa ta yau, inda Yakubu Gowon da Murtala Muhammad suka yi karatu. Hukumar wallafa littattafai ta NORLA ta zo a 1954 zamanin Yaƙi da Jahilci, kamfanin buga littattafai na NNPC ya biyo baya a 1966. Littattafan Hausa da yaran Arewa suka buɗe ido da su, daga Sakkwato har Yola, da yawansu daga wannan kusurwa suka fita. Ke nan unguwar ta saba karɓar mutumin da ba a san kakansa ba, cikin 'yan shekaru ta mayar da shi ɗan gida. Abin da ya kamata mu tambayi kanmu shi ne da me take yin haka a da, kuma me ya sa yanzu take gazawa.

Amsar da na sani tana cikin abubuwan da ba a rubutawa a tarihi. Idan bazara ta kama, mangwaro ya fara nuna, rimaye suka fashe suna watsa audugarsu kan rufi da hanya, sai a sami rana guda, Alhamis ko Juma'a da makarantar allo ke hutu, ko Lahadi ga 'yan boko da ma'aikata, ka ga ayarin samari sun ɗau hanya. Babu wata gayyata. Wani ne zai tsaya a zaure ya yi sallama ya kira sunan abokinsa, uwar ta amsa daga ciki, “Ku dai dawo kafin magariba, kuma ban da shiga ruwa.” A ce, “To, Iya.” Mai keke ya goya ɗaya a baya ɗaya a kan ƙarfe, saura a ƙasa. Guzuri bai wuce garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ɗan sukari a ƙulle ba, sai rake in an dace, sai danƙo rataye a wuya. Masu son kusa su hau dutsen Tukur-Tukur. Masu ƙarfin ƙafa su miƙe yamma su nufi Kufena, wanda Wusasa ke zaune a gindinsa. Wasu su gangara lambunan da ke bin Kubanni, inda mai lambu, in kun durƙusa kun ce masa Baba, zai ce ku tsinci wanda ya faɗo amma kada wanda ya jefi bishiya.

Dutse a bazara zafi gare shi, shi ya sa ake sammako ko a bari sai la'asar. A hanyar hawa ake sanin halin kowa. Ana gane wanda zai tsaya ya jira ɗan uwan da ƙaya ta soka, da wanda zai shanye ruwan gora shi kaɗai, da wanda tsoro ya kama amma ba ya so a gani, da wanda zai saɓa ƙanen wani a wuya in ya gaji. Daga saman Kufena birni na shimfiɗe a gabanka, rimaye sun yi masa alama unguwa-unguwa, kana bin layin ganuwa da ido inda ta rage, can arewa ga dogon ginin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi kamar yadda suka saba tun shekarun 1960. A nan ɗan birni zai kama hannun ɗan ma'aikacin da aka kawo daga Bida ko Yola yana nuna masa: ga fada can, ga Madarkaci, ga Kona inda malamai suke, ga wajen Rimin Tsiwa. Yaron da aka nuna wa gari haka, ya sauko ya sa hannu a kwano ɗaya da masu nuna masa, daga ranar ya fita daga sahun baƙi.

Magidanta ba sa hawan dutse, amma suna da tasu fitar. A tafi gonar ɗaya daga cikinsu da sunan taya shi sharar gona, a shimfiɗa tabarma gindin mangwaro, a aika a sayo fura da nono a ruga. Hirar da ake yi a irin wannan wuri daban take da ta majalisa. A majalisa ido na kan kowa, mutum na auna maganarsa. A hanya kuwa mutum biyu kan ja baya su bar ayari ya yi gaba, nan ne ɗaya zai ce, “Wallahi bashi ya yi mini yawa,” ko ya ce, “Maganar nan da ka yi ranar suna ta tsaya mini a rai.” A ba da haƙuri, a yi dariya, a cim ma sauran. An toshe tsagar ke nan tun tana ƙarama, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin sha'awa, yawon da yaɓen ma a zahiri suna haɗuwa. A bazara ɗorawa ke nuna, yaran da suka fita kan dawo da baki rawaya da damin ɗorawa a kai. A sha garin, a ba mata kalwa su yi daddawa, ɓawon kuma shi ake jiƙawa a sami makuba, wadda ake haɗawa da ƙasa ko a yayyafa wa daɓe don ruwa ya kasa ratsawa. Masu hali su yi laso, da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara daga daji. Rufin ɗaki guda ya haɗa marini da majemi da mai jaki da magini da yaran da suka je yawo. Mai gidan ƙasa ba shi da damar ya ce ba ruwansa da kowa.

Siminti ya zo, kuma ban ga laifin wanda ya rungume shi ba. Wanda ya taɓa kwana a zaune cikin Agusta yana tara kwanoni ƙarƙashin yoyo, yana kasa kunne ko bango zai yi ƙara, ba za ka yi masa wa'azin kyawun gidan ƙasa ba. Azara ta yi tsada don giginya ta yi nisa, maginan gargajiya sun ragu, 'ya'yansu sun koma bulo. Gidan da a da dattijo ɗaya ke riƙe da shi yau an raba shi gado, kowa ya ja katangarsa, ya fitar da shago a gaba, ya yi ɗakunan haya a baya saboda ɗaliban da Zariya ba ta rabuwa da su. Zauren da maigida ke zama kowa ya gan shi ya gaishe shi ya zama shagon cajin waya ko na POS, an sa ƙyauren ƙarfe a gefe. Duk wannan neman abinci ne, kuma babu kunya a neman abinci.

Abin da ke ba ni tsoro wani aiki ne da ake yi tsakanin ƙasa da siminti. Mutum ba shi da kuɗin rushewa ya sake gini, ya kuma gaji da yaɓe, sai ya sa a shafe bangon ƙasar da siminti a yi fenti. Shekara biyu uku gida ya yi fes, mai wucewa ya ce an yi gyara. Amma siminti da ƙasa ba sa kama juna. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti ya toshe mata hanya. Ruwa ya sami 'yar kafa ta sama ya shiga, ba ya fita, yana cin bangon ta ciki ba mai gani. In ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarar fanko. Ran da zai tafi falle guda yake ɓallewa, ka tarar abin da ke bayansa ya zama gari. Tsohon yaɓe tsagarsa a fili take, kana ganinta ka toshe.

Irin wannan shafen muke yi wa zumunci yanzu. Kusan kowane rukunin abokai yana da zaurensa a WhatsApp, na 'yan aji ɗaya a firamare, na tsofaffin 'yan ƙwallo, na matasan layi. Kowace asuba ana tura barka da kwana, ranar Juma'a hotuna da addu'o'i, in an yi rasuwa kafin a kai mamaci an jera ta'aziyya ba iyaka. Daga waje lafiya lau. Amma cikin masu turawar akwai wanda shekara ta zagayo bai taka ƙofar gidan amininsa ba, alhali 'yar tafiya ce a ƙasa tsakaninsu. Akwai wanda maiɗakinsa ta yi wata a gadon asibiti ba wanda ya sani, don ba magana ce da namiji zai rubuta a gaban taro ba. Na san alherin wayar nan. Ta haɗa mu da na Legas da Abuja da Saudiyya, da ita ake tara gudummawa cikin yini guda. Sai dai ba ta jin ƙarar fanko, wannan sai an matso kusa an ƙwanƙwasa. Zumunta a ƙafa take, kuma har yau ba a sake mata wuri ba.

Yaɓe kuma ƙasa yake so, ƙasa kuwa daga wani wuri ake haƙo ta. Kududdufan da ke cikin birnin Zariya ramukan da aka ɗebi ƙasar gina gidaje ne shekara da shekaru. Da damina su tara ruwan unguwa su hana shi shiga ɗakuna, da rani a koma gefensu a ɗebi ta gyara. Yau ana cike su da shara, a daddale, a yanka fuloti, ruwan da ya saba sauka can ya bi layi ya faɗa gidajen mutane. Haka ake yi wa wuraren da abota ke ɗibar tata ƙasar. Filin da ke tsakanin gidaje da dutse, gindin mangwaro, filin ƙwallo na bayan makaranta, hanyar ƙafa da ke ratsa gonaki zuwa Kufena, ɗaya bayan ɗaya gini na cinye su. Tsakanin Tukur-Tukur da Tudun Jukun da Gaskiya Layout yanzu gini ya haɗe, sai ɗan gida ke iya cewa ga inda wannan ta ƙare waccan ta fara. Yaron da ke tasowa yau, in zai fita da abokansa, ina za shi da ba sai ya biya ba? Gidan kallon ƙwallo da kuɗi, shagon wasan kwamfuta da kuɗi, wurin cin abinci a Sabon Gari da kuɗi. Fitar da ake biya kuwa tace mutane take yi, mai shi ya tafi, marar shi ya ce yana da uzuri ya zauna gida da ciwon abin a ransa. A kan dutse ɗan attajiri da ɗan mai ga-ruwa guzuri ɗaya suke ci.

Ganuwar da muke zaune a gindinta ta riga mu shan wannan. Ana danganta ta da zamanin Sarauniya Amina, kuma kamar sauran ganuwoyin ƙasar Hausa, aikin gayya ne ya riƙe ta ɗaruruwan shekaru. Bayan Turawa sun karɓi Zariya a 1902 ta daina zama kariyar yaƙi, gyara ya tsaya. Daga nan ruwa ya ci nasa, masu ɗibar ƙasa suka ci nasu, masu matso da katanga taku ɗaya duk shekara suka ƙarasa, har a wurare da yawa yau sai an nuna maka tudu an ce nan ce. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa babban masallacinsu na ƙasa, wanda ginin yanzu ke tsaye tun 1907, yana nan daram, saboda duk shekara kafin damina gari ke fitowa a yaɓe shi. Samari na gudu da kwandunan laka, mata na ɗebo ruwa, dattawa na zaune suna duba aiki, unguwanni na gasar wa zai riga gama ɓangarensa. Sun mayar da gyara biki, shi ya sa bai yi musu nauyi ba. Ko a nan kusa, tsohon cocin Wusasa da aka gina da ƙasa a 1929 bisa tsarin ginin Hausa yana tsaye don yana da masu kula da shi.

Mu kuma mun ga ranar baƙin ciki. Masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin da masana ke zuwa daga nesa kallon bakan gizonsa har aka yi kwafinsa a gidan tarihi na Jos, wani sashensa ya rufta kan masallata ana sallar la'asar ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023. An rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu Ya kyautata makwancinsu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana a lokacin cewa an ga tsaga a bangon kwana guda kafin nan, ana shirin kawo injiniyoyi. Ba laifin kowa nake nema ba, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma duk Bazazzagin da ya ji labarin ya ji a jikinsa cewa tsakanin ganin tsaga da faɗuwar gini wani lokaci kwana ɗaya ne tak, kuma tsakiyar damina ba ta ba da sararin gyara. Shi ya sa magabata suka ajiye aikin a bazara.

Za a ce wa ke da sukunin yawo a wannan zamani. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, kuɗin Keke Napep ya zama abin lissafi, magidanci na fita tun asuba sai bayan isha ya dawo, Asabar da Lahadi ma yana kan babur ko a shago. Za a kuma ce tsaro, kuma wannan ba abin wasa ba ne. A Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da dare suka tafi da malamai da ɗalibai, an kuma sha shiga unguwannin gefen gari. Uwar da ta hana ɗanta zuwa bayan gari tun daga lokacin tana da hujja, kuma ba zan ce wa kowa ya kai 'ya'yan mutane inda hankali bai kwanta ba. A nan kwatancen bai cika ba, domin maigida shi kaɗai zai iya yanke shawarar yaɓe gidansa, fita bayan gari kuwa sai hukuma ta tsare hanya.

Sai dai magini ba ya cewa tunda babu laso a bar soro haka, yana yi da abin da ya samu. In Kufena ya yi nisa, dutsen unguwa yana nan. In yamma ba ta yi ba, a fita bayan asuba a dawo da hantsi. A tafi da yawa, a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri. In duk wannan bai yiwu ba, a taka daga Ƙofar Tukur-Tukur a ratsa birni ta Kwarbai, a tsaya a gaida masu ɗinkin babbar riga da ke zaune a zaurukansu da zare da allura, a ɓulla ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona. Ita ma fita ce, kuma yara da yawa na unguwar nan ba su taɓa yin ta ba. Lokaci ma ya ba da dama. Ƙaramar salla ta faɗo a Afrilu a 2023 da 2024, a ƙarshen Maris a 2025, kuma yayin da take ja baya da kusan kwana 11 duk shekara, babbar salla na matsowa cikin bazara. Da salla 'yan unguwa na Kaduna da Abuja da Kano duk suna gida. Bayan Hawan Salla da Hawan Bariki da Hawan Daushe akwai ranar da kowa ke kwance yana danna waya kafin ya koma bakin aiki. Ranar nan ta isa.

Mata kam ba su saki nasu yaɓen ba kamar yadda maza suka saki. Barka, suna, dubiya, gaisuwar mutuwa, adashi, aiken yaro da kwanon tuwo maƙwabta, har gobe su ke riƙe da wannan, sau da yawa da abin da suka matse daga kuɗin cefane. In ka ga gida biyu a layi ɗaya ba su yanke hulɗa ba alhali mazan sun shekara ba su zauna tare ba, bincika, aikin matan ne. Waɗanda aka yi wa ƙwace su ne 'yan mata. Dandalin da suke gaɗa da farin wata ya zama shaguna, ba a kuma ba su wani ba. Duk shirin da zai manta da inda yarinya za ta yi wasa da ƙawayenta cikin aminci, rabin bango ya yaɓe.

Saura maganar baƙi. Magina sun san sabuwar ƙasa ba ta kama busasshen bango. Sai an kankare inda ya ruɓe, an yayyafa ruwa ya yi laushi, sannan a yaɓa sabuwa ta zauna. Mutanen da suka shigo Tukur-Tukur a shekarun nan, ɗalibi ɗan haya, ma'aikacin asibiti, ɗan kasuwar da ya sayi rabin gidan gado, manomin da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Giwa ko Birnin Gwari, su ne sabuwar ƙasar. Unguwar da ta ƙi su ƙarewa za ta yi, don 'ya'yanta na asali kullum tafiya suke. Yayyafa ruwan kuwa aikin 'yan gida ne. Mu ya kamata mu fara sallama, mu ce wa maƙwabcin da muka daɗe muna haɗa sahu da shi a masallaci ba mu san sunansa ba, “Malam, ranar Lahadi za mu ɗan taka zuwa dutse da yara, ko za ka zo da naka?” Zai yi mamaki, wataƙila ya kawo uzuri a karon farko. A sake gaya masa.

Roƙona ga masu unguwanni da hakimai da Majalisar Masarautar Zazzau, da hukumomin KASUPDA da KADGIS masu ba da izinin gini da takardun fili, shi ne abin da ya rage na gindin dutsen Tukur-Tukur, da guntayen ganuwa, da kududdufan da ba a kai ga cikewa ba, a shata su, a rubuta cewa na jama'a ne, a hana yanka su. Ƙungiyoyin matasa masu yashe kwalbati kafin damina, Allah Ya saka muku, ku ƙara da rana guda ta fita, ku tsayar da ita kamar yadda kuke tsayar da ranar yashe kwata. Kai kuma mai karatu, in kana da aboki a unguwar nan ko wata irinta da rabonka da shi sai a waya, kada ka tura masa wannan rubutu. Ka je ƙofar gidansa ka yi sallama, ku sa rana tun bazara ba ta fita ba, ku tafi da yaranku.